Wasan da ya kai har Kotun Ƙoli: masu haɗa kayan dakarun fim a gida

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan kallo ko ya zauna gaban tele ya san irin finafinan nan da ake nuna jirage na yawo tsakanin taurari, da mutum-mutumin ƙarfe mai magana, da dakaru sanye da farin sulke tun daga ka har ƙafa. Su ake kira finafinan almarar kimiyya, wato labarin da aka ƙaga a kan abin da ilimi zai iya kawowa nan gaba. Mu a nan, in fim ya ƙare sai kowa ya kaɗe rigarsa ya koma harkarsa. Amma a Amurka da Japan da ƙasashen Turai akwai dubban mutane, magidanta da matan aure, malaman lakwal da ma'aikatan asibiti, waɗanda kallo kaɗai bai ishe su ba. In sun taso daga aiki sai su shige ɗaki da almakashi da gam da keken ɗinki, su yi wata da watanni suna haɗa irin kayan da suka gani a fim, don su sa su fita taro.

Mutanen Damagaram ba za su yi mamaki sosai ba, tun da sun san wasan kara, inda matasa kan yi shigar manya da ta sojoji, bindiga da na'urar ɗaukar hoto duk na kara. Sai dai ɗan kasuwa da ya ji wannan labari, tambayarsa guda ce: ina ribar? To, a biyo mu a ji, domin abin da aka fara don sha'awa ya haifi kasuwa, kasuwar kuwa ta haifi shari'a.

Mace ce ta fara

A watan Yuli na 1939 aka yi babban taron farko na masu sha'awar almarar kimiyya a birnin Niyok na Amurka. Mutane kamar 200 suka hallara, kowa da kwat ɗinsa ko rigarsa ta yau da kullum, ban da mutum biyu: wani saurayi mai suna Forrest Ackerman da abokiyarsa Myrtle Douglas, wadda aka fi sani da Morojo. Su sun zo ne cikin shigar mutanen zamani mai zuwa, irin wadda aka gani a wani fim na 1936 mai suna Things to Come. Morojo ce ta zana kayan, ita ta yanka, ita ta ɗinka. Amma shekara da shekaru sunan namijin ake ambata in ana ba da tarihi, sai daga baya aka dawo aka ba ta haƙƙinta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga matan da ke soya da daka a cikin gida, wani yana karɓar yabo a bakin kasuwa.

Da shekara ta zagayo, a taron 1940 na birnin Shikago, sai da aka ware dare guda don gasar shiga. Daga nan abin ya bi duniya. A farkon shekarun 1980 wani ɗan jaridar Japan, Nobuyuki Takahashi, ya laƙaba wa wasan suna kosupure, wato wasan shiga, sunan da sauran harsuna suka ara. Tun 2003 kuma birnin Nagoya na Japan ke karɓar babban taron duniya na wannan wasa, inda ƙasashe kan aiko da mutum biyu-biyu su yi gasa. Sharaɗin gasar shi ne kayan su zama aikin hannun mai su. Alƙalan irin waɗannan gasanni sukan juya riga su duba ɗinkin ciki, kamar yadda mace mai wayo ke yi kafin ta biya tela.

Yadda ake haɗa kayan

Riga da wando da alkyabba aikin tela ne, babu wani sabon abu a ciki. Inda aikin yake shi ne sulke da hular kwano. Ba da ƙarfe ake yin su ba, domin nauyi zai kada mutum. Yawanci da wani soso mai tauri ake yi, irin wanda ake yin takalmin silifa da shi, wanda ake sayarwa fale-fale don shimfiɗa a daɓe.

Da farko mutum zai naɗe ƙirjinsa ko hannunsa da leda, ya bi ta da salatif, a zana layuka a kai, sannan a yanke a cire. Ga awo ya samu daidai jikinsa. Sai ya ɗora awon a kan soso ya yanka da wuƙa mai kaifi, ya hura masa iska mai zafi har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi yadda yake so. Da ya huce, a haka zai tsaya. Gam ɗin da ake haɗawa da shi irin na masu gyaran takalmi ne: a shafa gefe biyu, a jira ya sha iska, sannan a manna. Bayan nan sai fenti, shafi a kan shafi, har soso ya koma kamar ƙarfe a ido.

Farin sulken dakarun Star Wars kuwa da roba mai tauri ake yin shi. A gasa fallen roba har ya yi laushi, a kifa shi a kan siffar da aka sassaƙa, a tsotse iskar da ke ƙarƙashi da injin shara, sai robar ta kama siffar tsaf. Tun daga shekarun 2010 kuma aka samu wata na'ura mai sauƙin kuɗi da ke narka zaren roba tana jera shi hawa-hawa har hular kwano ta fito, bisa zanen da aka ba ta a kwamfuta.

Abin da zai ba ɗan kasuwa dariya shi ne matakin ƙarshe. Bayan an gama kaya sun yi fes, sai mai su ya ɗauko baƙin fenti ya shafe su ya goge, ya kankare gefe-gefe, don su yi kama da kayan da suka sha yaƙi. Mu muna wanke tsoho mu goge don ya yi kama da sabo, su kuwa sabo suke wahala a kai don ya tsufa. Sa kayan ma ba daɗi ne da shi ba: zafi ya yi yawa har wasu kan liƙa ƴar fanka cikin hular, ba a gani sosai, kuma mai cikakken sulke da ƙyar yake iya zama.

Ranar da tarkace ya yi daraja

Fim ɗin Star Wars na farko ya fito a 1977. Mai shi, Joj Lukas, bai samu kuɗi masu yawa ba a lokacin, saboda haka masu haɗa kayan fim ɗin suka shiga tonon tarkace. Takobin haske na jarumin fim ɗin, wanda yaran duniya suka sani, ba kome ba ne illa mariƙin fitilar wata tsohuwar na'urar ɗaukar hoto mai suna Graflex, wanda wani ma'aikaci, Roger Christian, ya tsinto a wani kanti a Landan. A fim na 1999 ma, ƴar wayar da wani jarumi ke magana da ita an yi ta ne da mariƙin rezar aski ta mata ta kamfanin Gillette.

Da masu haɗa kaya a gida suka gano haka, sai suka bazama neman ainihin waɗannan abubuwa. Mariƙin fitilar da aka yasar a bayan kanti ya koma ana saye da ɗaruruwan dalolin Amurka, har masu tara tsofaffin na'urorin hoto suka riƙa kuka an tsauwala musu. Haka suke bin dilolin bosho suna neman tsohon takalmin soja da ɗamara da bargo. Wanda ya san kasuwar Katako ta Yamai ya san wannan karatu: babu abin banza, sai dai wanda mai nemansa bai iso ba tukuna.

Rundunar da ba ta karɓar kuɗi

A 1997 wani Ba'amurke mai suna Albin Johnson, a jihar Karolina ta Kudu, ya kafa wata ƙungiya ta masu shigar dakarun Star Wars, ya sa mata suna Runduna ta 501. Ƙungiyar ta bunƙasa har mambobinta suka haura dubu 10 a ƙasashe da dama. Ba a shiga sai an cika shekara 18, kuma sai mutum ya aika hotunan kayansa gaba da baya da gefe an auna su da ƙa'idar da aka rubuta wa kowace shiga. In ɗamara ta kauce ko launi bai yi ba, sai ya koma ya gyara.

Babbar dokarsu ita ce ba su karɓar ladan fita. In aka gayyace su biki ko taro, sai su ce a ba wata ƙungiyar agaji abin da aka yi niyya. Sukan shiga asibitoci su gai da yara marasa lafiya cikin shigarsu. Wannan doka ce ta sa kamfanin Lucasfilm, mai mallakar fim ɗin, ya zauna lafiya da su, har ma yana neman su. A ranar 1 ga Janairun 2007 mutum 200 daga cikinsu suka yi fareti tare da Joj Lukas a birnin Fasadina. A wasan tele mai suna The Mandalorian, wanda ya fito a 2019, da kayan dakaru suka kasa wa kamfani, su aka kira suka zo da nasu na gida aka ɗauki fim da su.

Shari'ar hular kwano

Muddin mutum don kansa ya yi, babu mai ce masa uffan. Rigima tana farawa ne ranar da ya kasa kaya ya sa farashi. A 1976 wani mai aikin roba a Landan, Andrew Ainsworth, shi aka ba aikin hulunan kwano 50 na fim ɗin farko, kowace a kan fam 20 na Ingila. Bayan shekaru ya ga masu sha'awa na neman irinsu ido rufe, sai ya fara bugawa yana sayarwa. Kamfanin Lucasfilm ya kai shi ƙara a Kalifoniya, a 2006 kotu ta ce ya biya dalar Amurka miliyon 20, wato fiye da miliyar 10 na sefa a canjin lokacin.

Da yake ba a Amurka yake zaune ba, sai kamfanin ya bi shi har gida. Shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda ta yanke hukunci a watan Yuli na 2011. Tambayar da aka sa wa alƙalai ita ce: hular nan aikin sassaƙa ce ta gwanin fasaha, ko kuwa kayan aiki ce kawai? In sassaƙa ce, doka za ta kare ta har shekara 70 bayan mutuwar mai ita. In kayan aiki ce, kariyar shekara 15 ce a dokar lokacin, kuma ta riga ta ƙare. Alƙalai suka ce kayan aiki ce. Ainsworth ya samu damar ci gaba da sayarwa a ƙasarsa, amma kasuwar Amurka ta rufe masa.

Ƙananan masu sana'ar kuma wata barazana ce ke gabansu: masana'antun ƙasar Sin na buga irin waɗannan kaya da arha suna sayarwa ta intanet. Masu sayar da atamfa ba sai an faɗa musu yadda wannan ke ƙarewa ba. Abin da ya rage wa mai aikin hannu shi ne abin da inji ba ya yi: ya auna jikin mutum, ya yi masa daidai shi, ya kuma gyara in ya lalace.

Rawaninmu a cikin fim

A 2018 aka fito da fim ɗin Black Panther, labarin wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka mai suna Wakanda wadda ta fi kowa ilimin kimiyya. Matar da ta tsara kayan fim ɗin, Ruth Carter, ta ci kyautar Oska a 2019, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci ta a wannan fanni. A cikin ƙabilun Wakanda akwai ta ƴan kasuwa, kuma shigarsu daga ta Abzinawa aka aro ta: rawani, tufafi masu launin shuni, da kayan ado na azurfa. Ke nan duk wanda ya zauna a ɗakinsa a Amurka ko Legas, inda ake irin wannan taro tun 2012, yana son haɗa shigar wannan ƙabila, abin da ake kasawa a kasuwannin Agadas da Tawa yake kwaikwayo.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Saboda hular roba guda an yi shekaru ana shari'a a ƙasashe biyu, domin akwai mai ita, kuma yana da takarda. Rawani da shuni da azurfar da aka gada tun kaka da kakanni kuwa, kowa ya ga dama sai ya ɗauka. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda ke yi wa sunan kaya da zane rajista, kuma ta nan albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu kariyar sunansu. Tela ko maƙeri ko baduku da ya ƙago sabon zane, ko mai kanti da ta yi suna da wani samfuri nata, hanyar a buɗe take gare su. Gara a nemi takardar tun kayan suna hannu, kafin a wayi gari a ga irinsu sun sauka cikin dila daga wata ƙasa.