Kaskar Harabar Gida

A gundumar Dutchess da ke jihar New York a Amurka, maƙwabta biyu da shinge kawai ya raba su kan bambanta sosai wajen haɗarin cizon kaska. Gidan da ya jingina da kurmi, busasshen ganye jibge a gindin bishiyoyi, shi ne matattara. Wanda ke tsakiyar unguwa, ciyawa a aske, rana na dukan tsakar gida, da sauƙi, domin kaskar nan ba ta jure bushewa.

Cutar da ake gudu ita ce Lyme, wadda ta samo suna daga wani gari a jihar Connecticut inda aka ga yara da yawa suna kumburin gaɓoɓi a 1975. Sai a 1982 Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar da ke haddasa ta. Mutane kan ɗora wa barewa laifi, alhali babban mai raba ƙwayar wani ɗan ɓeran daji ne mai fararen ƙafafu. 'Yar kaska ta sha jininsa, ta girma kaɗan, ta maƙale a jikin mai shara ko yaro mai wasa. Ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ga shi cizonta ba ya zafi.

Masana biyu, Felicia Keesing da Richard Ostfeld, sun gwada maganin abin a unguwanni 24 na gundumar Dutchess. An ajiye akwatunan da ke shafa wa ɓeraye maganin kaska, an kuma yi feshi. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya ba da mamaki: akwatunan sun rage kaska da kusan rabi, amma yawan mutanen da suka kamu bai ragu ba. Wataƙila dai ba a gida kaɗai ake kwaso ta ba.

Saboda haka likitoci ke nanata duba jiki bayan an shigo: hammata, bayan gwiwa, cikin gashi, kunnen yara. Yawanci sai kaska ta wuce kwana ɗaya a maƙale kafin ta zuba ƙwayar. A cire ta da matsefata daga kusa da fata, ba a ƙona ta ba. Idan jan tabo mai faɗaɗa ko zazzaɓi ya biyo baya, sai asibiti.

A ƙasar Hausa kuwa, kaskar shanu da tumaki na iya ɗaukar zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini. Mai turken rago a tsakar gida ya daina murtsuke ta da yatsa.