Katin Gayyata da Jadawalin Taron Ofis

Yau shirin namu zai leƙa ofisoshi ne, lokacin da ake haramar taro, ko na buɗe sabon gini, ko walimar bankwana da ma'aikacin gwamnati da ya shekara 35 yana aiki ko ya cika 60 da haihuwa.

Tun ba a kafa rumfa ba, kati ke fara fita, kuma daga nan rigima kan samo asali. Mu Hausawa ba ma wasa da laƙabi. Sarkin Musulmi Mai Alfarma ne, sarkin yanka Mai Martaba, gwamna Mai Girma, alƙali kuwa Mai Shari'a. Ka rubuta Dakta ga wanda ya zama Farfesa bara, ko ka tsallake sarautar da aka naɗa shi, to zai zo, zai zauna, amma ran nan ba za ka ga fara'arsa ba. Maganin abin ba wuya: a buga wa sakatarensa waya, a ji yadda yake so a rubuta sunansa, harafi bayan harafi.

Babban kuskure kuwa shi ne a buga sunan mutum a matsayin babban baƙo ko uban taro, alhali ba a nemi yardarsa ba. Wasiƙa ake fara kaiwa, da hannu, makonni kafin ranar. Sai ya amsa, sannan a nufi maɗaba'a. Hoton kati ta WhatsApp ya isa ga abokan aiki, amma basarake a tura masa wakilai.

Sai jadawali. Addu'ar buɗe taro, taken ƙasa, jawabin maraba daga mai masaukin baƙi, jawabin babban baƙo, godiya, addu'ar rufewa. A ofishin da Musulmi da Kirista ke aiki tare, a raba addu'o'in tun a takarda. Masu buga taken ƙasa a bayan jadawali kuma su lura, tun watan Mayu na 2024 Najeriya ta koma tsohon takenta, kada mai kwamfuta ya kwafo wanda aka daina amfani da shi.

Ni dai a ganina, jadawalin da ya jera jawabin fatan alheri goma ya zalunci mahalarta. A rubuta minti nawa kowa zai yi. A kuma dubi lokacin Azahar, musamman ran Juma'a, don kada liman ya hau mumbari babban baƙo yana tsakiyar jawabi.

Don haka jama'a, idan maɗaba'a ta kawo samfurin farko, kada a yi gaggawar sa hannu. A ba mutum biyu su karanta, su duba rana, su duba ƙarfe nawa, su duba sunan zauren.