Uwe Seeler: Ɗan Wasan Da Ya Ƙi Kuɗin Inter Milan

Mu da muka taso muna jin an sayi ɗan wasa kan miliyoyin kuɗi, zai yi mana wuya mu gane abin da Uwe Seeler ya yi a 1961. A shekarar ne kocin Inter Milan, Helenio Herrera, ya taso daga Italiya har birnin Hamburg na Jamus, ya yi masa tayin sama da mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na wancan lokacin. Seeler ya ce ya gode, ya yi zamansa.

Kada ku ɗauka ɗan masu hali ne. An haife shi a 1936, mahaifinsa lebura ne a tashar jiragen ruwa, kuma yana yaro bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka ragargaza garinsu. Ko da ya yi suna, ƙwallo kaɗai ba ta riƙe gida a Jamus ta Yamma, don haka yana wasa yana kuma yawon tallar kayan Adidas a mota.

Gajere ne, amma da wuya a riga shi sa wa ƙwallo kai. Ya fara buga wa ƙasarsa yana ɗan shekara 17, ya ci mata ƙwallo 43 a wasa 72. Da aka buɗe gasar Bundesliga a 1963, shi ya fi kowa zura ƙwallo a kakar farko, guda 30.

A farkon 1965 jijiyar agararsa ta tsinke, raunin da a zamanin kan raba ɗan wasa da fili har abada. Kafin shekarar ta ƙare ya dawo, ya ci Suwidin ƙwallon da ta buɗe wa Jamus hanyar gasar cin kofin duniya ta 1966. Shi ne kyaftin ranar da Ingila ta doke su 4-2 a wasan ƙarshe. Ya rama a Meziko a 1970, inda ya ci Ingilan ƙwallo da ƙeya, Jamus ta yi nasara 3-2.

Zaman nasa fa bai zo a banza ba. Inter ta ɗauki kofin Turai a 1964 da 1965, shi kuwa kofin zakarun Jamus ɗaya tak ya samu da Hamburg, a 1960. A ganinmu ya san abin da ya bari. Mutanen garin na kiransa "Uwe namu" har ya rasu a 2022, kuma mutum-mutumin ƙafarsa ta dama na nan a gaban filin wasansu.