Gidan Ɗan Hausa da Farfajiyarsa

Idan ana zancen gidan tarihi, hankalin ɗalibai yakan tafi ga kayan da aka ajiye cikin ɗakuna. Sai dai filin da ke kewaye da ginin shi ma yana da nasa labarin. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano misali ne mai kyau.

A wannan gida ne Hanns Vischer ya zauna, Bature haifaffen Suwizalan wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa. Shi ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa. Saboda haka duk malamin Hausa yana da alaƙa da gidan. Ginin na ƙasa ne mai zankwaye da zane a bango, daga baya aka mayar da shi gidan tarihi ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Abin lura shi ne zaman gidan a tsakiyar fili mai itatuwa. A tsarin Bahaushe, zaure ke fuskantar hanya, tsakar gida kuwa tana ɓoye a ciki saboda sutura. A nan an juya tsarin: ƙira ta Hausa, amma shimfiɗar fili irin ta unguwar Turawa, inda lambu ke zagaye gida. Wannan kaɗai ya isa darasi a kan haɗuwar al'adu biyu.

Itatuwa ma suna taimakawa wajen ƙididdigar zamani. Dogon yaro, wanda Kanawa ke kira darbejiya, asalinsa daga yankin Indiya ne, kuma sai wajen 1928 aka fara dasa shi a Barno. Duk inda aka gan shi a irin wannan farfajiya, to, ginin ya girme shi, saɓanin kuka ko tsamiya da kan iya riga gini.

Ɗalibin Jega ko Aliero ba sai ya je Kano ba. Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu tsohuwar fada ce da aka mayar gidan tarihi a 1958. Malamin da ya kai yara can ya fara tsayar da su a waje, su ambaci sunan kowace itaciya da kowane sashen gini da karin harshensu, kafin a shiga ciki.