Aikin Mai Kula Da Bayan Fage A Wasan Kwaikwayon 'Yan Makaranta

Tun da aka buga Wasan Marafa na Malam Abubakar Tunau a 1949, makarantunmu ba su rabu da wasan kwaikwayo ba. Amma in an tashi yabo, 'yan wasa da malamin da ya koya musu ake yaba wa. Akwai wani kuwa wanda ba a ganinsa, watau mai kula da bayan fage, wanda dandamali da labule da fitilu da sauti duk ke wuyansa.

Farkon aikinsa karatu ne. Sai ya bi littafin fita-fita, ya rubuta abin da kowace ke bukata: nan zaure, nan kasuwa, can majalisar alkali. Sa'an nan ya auna fagen, ya zana, ya yi lissafin katako da ƙusa da yadi da fenti. In kuɗin da Hedimasta ya ware bai kai ba, ya faɗa tun da makonni a gaba. Mun fi son a soke ginin kasuwa a takarda da a bar shi rabi ranar wasa.

Inda muke so malamai su natsu ƙwarai shi ne wajen wuta. Lantarkin ƙasar nan bolt 230 ne, filogi kuwa mai amfiya 13 ba ya ɗaukar fiye da kimanin wat 3,000. Ashe fitila uku masu wat 1,000 sun cika shi. In aka ƙara ta huɗu fiyus na iya ƙonewa, zaure ya yi duhu. In kuwa wani mai wayo ya ɗaure fiyus da waya, to, wayar ce za ta yi zafi a bayan labule, ga yara cike da ɗaki. Saboda haka wajibi ne ya raba fitilu, ya nisanta su da yadi, ya ajiye bokitin yashi, ya tabbata ba a toshe ƙofar fita da benci ba. Ko a gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda aka gina da ƙasa bisa tsarin Steven Ehrlich bayan buɗe karatun wasan kwaikwayo a 1975, wannan ka'ida ba ta sake ba.

Saura gwaji. Kwana biyu ko uku kafin ranar, a yi wasan daga farko har ƙarshe domin masu fitila da masu labule kaɗai, kowa da takardarsa mai nuna maganar da in an faɗa zai kunna ko ya ja. Kada malami ya karɓe igiya daga hannun yaro don ya kuskure. A maimaita har ya iya. Bayan an watse kuma shi ne zai tsaya a kwance katako, a ƙirga tabarmi da kujerun aro, a mayar wa masu su.