Abin Da Ke Sa Tsohuwar Mota Fizga: Sirrin Wayoyin Fulogi

Duk wanda ya saba bin hanyoyin Ikara da Maƙarfi da Kudan ya san tsofaffin motocin da ke jigilar tumatir da rake zuwa Zariya da Kano. Daga cikinsu akwai Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma, da ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, ya daɗe yana harhaɗa ta. Sau da yawa akan ji irin wannan mota tana fizga tana tari da zarar ta fuskanci hawa da kaya. Direba kan ɗora laifin a kan mai ko kafireto, alhali kuwa sau tari cutar tana jikin wayoyin fulogi ne.

Injin fetur yana aiki ne bisa tsarin bugu huɗu da Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876: shaƙar iska da fetur, matse su, ƙone su, sannan fitar da hayaƙi. Ƙonewar ba ta yiwuwa sai da tartsatsi. Batir yana bayar da bolt 12 kacal, koyil ya ɗaga shi zuwa bolt dubu ashirin ko fiye, distiributa ta raba shi ga silinda huɗu bisa jerin 1-3-4-2. Wayoyin fulogi ke ɗauke da wannan wuta har bakin fulogi, inda take tsallake giɓin da bai kai milimita ɗaya ba.

Lantarki kuwa kamar ruwa yake, hanya mafi sauƙi yake bi. Zafin inji da baƙin mai da tsufa sukan busar da robar da ta lulluɓe wayar har ta tsattsage, sai wutar ta zurare zuwa jikin ƙarfe. To, me ya sa abin ya fi tsananta a kan hawa? Idan direba ya taka totur, iskar da ke shiga silinda takan ƙaru, matsi ya hauhawa, tartsatsi kuma ya buƙaci ƙarin ƙarfi kafin ya tsallake giɓin. A nan ne lalatacciyar waya ke fallasa kanta. Haka nan da damina, danshi da ƙura kan buɗe wa wutar hanyar gudu.

Ƙwararren bakanike yakan bar inji yana aiki, ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, domin wutar tana da zafin kamu. Silindar da aka zare wayarta sautin inji bai sauya ba, ita ce ba ta aiki. Daga nan sai ya gwada wata lafiyayyar waya a wurin. In fizgar ta tsaya, an gano mai laifi. In ba ta tsaya ba, sai a duba fulogin da murfin distiributa. A cikin duhu ma akan ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga wayar da ta fashe.

Sakaci da wannan matsala yana da tsada. Fetur ɗin da bai ƙone ba yakan tafi a banza, ya wanke man da ke jikin silinda, inji ya yi saurin cinyewa. Motar da ta rasa ƙarfin silinda ɗaya cikin huɗu kuwa tana iya gazawa yayin wuce babbar mota, ko ta mace a daji kwandunan tumatir su ruɓe a rana. Sayen sababbin wayoyi huɗu ya fi sauke inji araha nesa ba kusa ba.