Koyon Tuƙin Jirgin Yaƙi da Rayukan da Ya Ci: Darasi Daga Yaƙin Duniya na Biyu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zo lissafin ɓarnar yaƙi, hankali yakan koma ne ga waɗanda suka faɗi a fagen fama. Ba safai akan tuna da waɗanda ajali ya riske su tun suna ɗalibai, tun ba su yi ido biyu da abokin gaba ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne duba irin waɗannan mamata, watau samarin da suka halaka a wajen koyon tuƙin jiragen yaƙi, musamman a rundunar sama ta sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Za a yi bayanin yawan asarar, da musabbabinta, da kuma matakan da aka ɗauka don rage ta.

Yawan Asarar

Daga watan Disamba 1941 zuwa watan Agusta 1945, ƙididdigar rundunar ta nuna an yi haɗarin jirgi 52,651 a cikin ƙasar Amurka kanta, inda babu wanda ke harbin kowa. Mutum 14,903 suka mutu, jirage kusan 14,000 suka tashi daga aiki. Adadin ya haɗa da malamai da masu kai jirage daga masana'anta zuwa sansani, amma mafi yawan haɗurran a cikin horo suka auku. Shekarar 1943 ita ta fi muni, domin a cikinta kaɗai an rasa sama da mutum 5,000.

Matsalar ba ta tsaya ga Amurka ba. A ƙarƙashin yarjejeniyar da Ingila da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan suka sa wa hannu ran 17 ga Disamba 1939, an horar da ma'aikatan jirgi 131,553 a Kanada, kuma 856 suka mutu a cikin horon.

Tushen Matsalar: Gaggawa

A shekarar 1939, burin rundunar Amurka shi ne ta yaye matuƙa 1,200 a shekara. Da Jamus ta auka wa Faransa a 1940, sai Shugaba Roosevelt ya nemi a riƙa ƙera jirage 50,000 kowace shekara. Jirgi kuwa ba ya tashi sai da matuƙi. Don haka aka ɗaga burin zuwa 12,000, sannan zuwa 30,000 a 1941. Kafin yaƙin ya ƙare an yaye matuƙa sama da 190,000.

Horon yana da matakai uku. A matakin farko ɗalibi yakan koyi tashi da sauka a ƙaramin jirgi irin su Stearman. A na biyu ya koma jirgi mai nauyi, ya fara tuƙin dare da tafiya cikin jeri. A na uku ya hau jirgi mai kama da na yaƙi. Gaba ɗaya yakan sami awa wajen 200 a sama. A 1939 kowane mataki mako 12 ne; a 1940 aka mai da shi 10; bayan Amurka ta shiga yaƙin aka sake rage shi zuwa 9.

Abin lura a nan shi ne, gina filin jirgi da ƙera jirgi abu ne na watanni, amma samar da ƙwararren malami abu ne na shekaru. Da aka rasa yadda za a yi, sai aka riƙa tsayar da wasu daga cikin waɗanda suka gama jiya, a ce su koyar da na yau. Haka nan makanikai da yawa sababbi ne a aikin. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. A wannan fage abin da ya haifa ya wuce nawa.

Yadda Haɗarin Ke Aukuwa

Hanya ta farko ita ce ƙarancin gudu. Fukafukan jirgi suna ɗauke da shi ne muddin iska na bin su yadda ya kamata. Idan ɗalibi ya rage gudu da yawa, ko ya ɗaga hancin jirgin fiye da kima, sai fukafukan su saki, jirgin ya sunkuya yana juyi kamar katantanwa. Abin da zuciya ke raya wa mutum a lokacin shi ne ya ja sandar tuƙi baya don ya ɗago, alhali kuwa maganin shi ne ya tsai da juyin, ya tura sandar gaba har gudu ya dawo. Wannan ya fi aukuwa a kwanar ƙarshe kafin sauka, inda babu tazarar da za a gyara kuskure.

Hanya ta biyu ita ce ruɗewa cikin duhu ko gajimare. Jikin ɗan Adam yana gane sama da ƙasa ne da ido da kuma wani sashe na cikin kunne. Idan ido bai ga iyakar sama da ƙasa ba, kunnen yakan yaudari mutum, ya ji kamar yana tafiya daidai alhali jirgin ya karkata yana gangarawa. Wanda bai saba gaskata agogunan da ke gabansa fiye da jikinsa ba, cikin 'yan mintoci yake dukan ƙasa.

Hanya ta uku ita ce tsallake daga jirgin koyo zuwa jirgin yaƙi na sosai. Alal misali, jirgin B-26 yana da gajerun fukafukai, saboda haka dole a sauko da shi da gudu mai yawa, kuma idan inji ɗaya ya mutu yayin tashi sai gwani ke iya riƙe shi. A 1942 jiragen sun yi ta faɗuwa a sansanin MacDill da ke Fulorida, har sojoji suka riƙa yi masa kirari da mai mai da mata zawarawa. Ga kuma karo tsakanin jirage a sararin da ya cika, ga wasan ganganci irin na ƙuruciya, kamar shawagi dab da rufin gidaje don burge jama'a.

Matakan Gyara

Wasu daga cikin magungunan sun girmi yaƙin. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani hafsan Ingila mai suna Robert Smith-Barry ya kafa makaranta a Gosport. Kafin shi, akan gargaɗi ɗalibi ne kawai ya guji juyin katantanwa. Shi kuwa sai ya ce a jefa jirgin cikin juyin da gangan a can sama, malami na ciki, har ɗalibi ya iya fita da kansa. Ya kuma sa aka haɗa bututun magana tsakanin malami da ɗalibi. Wannan tsari ne ya zama ginshiƙin koyar da tuƙi a ƙasashe da dama.

Na biyu shi ne jirgin kwaikwayo. A 1929 Edwin Link ya ƙera wani akwati mai motsi da zugazugai, wanda ɗalibi zai shiga a rufe shi, ya yi tuƙi da agoguna kawai yana ƙasa. Sojoji ba su kula da shi ba sai a 1934, bayan da matuƙansu wajen goma sha biyu suka mutu cikin 'yan makonni suna jigilar wasiƙu cikin mugun yanayi. A shekarar suka sayi guda 6. A lokacin yaƙin kuwa an ƙera sama da 10,000.

Na uku shi ne takardar jerin dubawa. Ran 30 ga Oktoba 1935, samfurin jirgin da ya zama B-17 ya faɗi a jihar Ohayo, mutum biyu suka mutu, cikinsu har da ƙwararren matuƙi Manjo Ployer Hill. Bincike ya nuna an manta ne ba a cire makullin da ke riƙe kayan tuƙi ba. Daga nan aka tsara takarda mai jere abin da za a duba ɗaya bayan ɗaya kafin tashi da kafin sauka, domin an gane ƙwaƙwalwar gwani ma tana mantuwa.

Na huɗu shi ne gyara jirgin ya dace da mutum. A 1943 wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya lura matuƙan B-17 suna naɗe tayoyi bayan sun sauka, jirgin ya zube bisa cikinsa. Dalili kuwa, makunnin tayoyi da na ƙananan fukafukan sauka kamarsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Sai aka maƙala wa ɗaya ƙaramar taya, ɗayan kuma wani abu mai siffar fiffike, yadda hannu zai bambance su ko a duhu. Shi ma B-26 an ƙara masa tsawon fukafukai, an kuma gyara yadda ake koyar da shi, har ya shiga sahun jiragen da aka fi ƙarancin rasawa a fagen fama.

Daɗin daɗawa, rundunar ta kafa ofishi na musamman da ke tattara rahoton kowane haɗari, yana bin diddigin musabbabi. Da haka yawan haɗari bisa ga awoyin tuƙi ya yi ta raguwa, kuma a 1944 aka mai da kowane mataki mako 10.

Kammalawa

Ƙasashen da ke ɗaya ɓangaren sun bi hanyar da ta saɓa wa wannan. Ƙarancin mai da yawan asara sun tilasta wa Jamus da Japan gajarta horo, har ya kasance a 1944 sabon matuƙin Jamus yakan shiga yaƙi da ƙasa da rabin awoyin takwaransa na Amurka ko Ingila. Irin waɗannan ba su daɗewa, sai a sake gajarta horo don cike gurbinsu.

Darasin da ke nan ya shafi duk mai tsara aikin hukuma. Idan aka auna nasarar horo da yawan waɗanda aka yaye kawai, ragowar bashin yana nan, kuma wani ne zai biya shi. Asarar ta fara raguwa ne sa'ad da aka daina rufe kowane bincike da cewa laifin matuƙi ne, aka shiga tambayar wa ya koyar da shi, awa nawa aka ba shi, kuma wane irin jirgi aka danƙa masa.